CD ɗaya na Led Zeppelin, babu Stairway babu Kashmir

Led Zeppelin, ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, sun bar waƙoƙi 81 a kundinsu tara, wato in ka lissafa har da Coda wanda ya fito a 1982 bayan ƙungiyar ta riga ta watse. Amma ka tare duk wanda yake ce maka shi ɗan gani-kashe-ninsu ne ka ce ya lissafo maka, da wuya ya wuce goma sha biyar, su Stairway to Heaven ne, Kashmir, Whole Lotta Love, Black Dog, Immigrant Song, Rock and Roll, daga nan sai ya fara sosa ƙeya. Ko Mothership, faifan da su da kansu suka tsinto manyan waƙoƙinsu suka zuba a 2007, guda 24 ne a ciki. Cire 24 daga 81 kaga saura 57 kenan suna kwance ba mai waiwayarsu. Lamarin da zan kawo anan akan waɗannan ragowar ne, yadda aka zauna aka tace su aka fitar da CD ɗaya tal, da irin ja-in-jar da aka sha kafin a kai ga haka.

Wanda aka yi wa aikin kawuna ne, yayan mahaifiyata, ɗan fansho yanzu. Yana cikin waɗanda aka tura karatu Ingila a tsakiyar shekarun 1970, can ya kwaso son kiɗan nan ya dawo da faifan garmaho guda biyu, kundinsu na biyu da na huɗu, waɗanda tuni suka bi shanun sarki wajen tashi daga wannan gida zuwa wancan. Motarsa tsohuwa ce, rediyonta CD kawai take ci, ba bulutut ba wajen sa filash, kuma ya ƙi yarda a canza masa don ya ce duk wanda ya buɗe gaban motar nan sai ya bar wata waya a kwance. Abun da ke ciki shekara da shekaru kwafin Mothership ne. Maganarsa ba ta da tsawo, cewa ya yi, "Ɗana waɗannan na haddace su har sun fara gundurata, mutanen nan shekara goma sha biyu suka yi suna kiɗa, ba dai iyakacin abun da suka yi kenan ba. Ka nemo min sauran."

Lissafinsa daidai ne. A 1968 suka haɗu a Landan, Jimmy Page a jita, Robert Plant a murya, John Paul Jones a bes da kibod, John Bonham a ganguna, suka watse Disamba 1980 bayan Bonham ya mutu ranar 25 ga Satumba yana da shekara 32, suka ce ba za su ci gaba ba tare da shi ba.

Abun mamakin shi ne in akwai ƙungiyar da bai kamata a taƙaita ta a waƙa goma ba to ita ce wannan, domin su tun farko sun ƙi tsarin fitar da waƙa ɗai-ɗai. Manajansu Peter Grant ya kafe akan cewa duk mai son jin su ya sayi kundi gabaɗaya, a Ingila ba su taɓa sakin ƙaramin faifai na waƙa ɗaya a kasuwa ba duk tsawon zamansu tare, ita kanta Stairway a lokacin ba a sayar da ita ita kaɗai ba, dole ka sayi kundi na huɗu. To sai ga shi abun da suka guda shi ya same su ta bayan gida. Gidajen rediyon FM na Amurka a shekarun 1980 suka ƙirƙiro tsarin tashar tsofaffin waƙoƙin rok zalla, kowace ƙungiya a ware mata 'yan waƙoƙin da aka tabbatar mai sauraro ba zai murɗa ya bar tasha ba, a yi ta nanata su safe da yamma. Faifan tsince irin su Mothership suka biyo wannan layin. Da waƙoƙinsu suka hau Spotify ƙarshen 2013 sai abun ya ƙara ƙulluwa, wadda aka fi ji ita ake sa maka a sama, kai kuma wadda ka gani a sama ita kake dannawa, gobe ta ƙara hawa. A wajenmu ma ba a magana, in ka je wajen 'yan dawunlodin ka ce Led Zeppelin, wanda ya san sunan ma ya yi ƙoƙari, in an dace ka samu biyu ko uku a cikin foldar tsofaffin waƙoƙin Turawa.

Dokar farko mai sauƙi ce, duk abun da ke kan Mothership ya fita. Ta biyu ita ce ta fi ba da wahala, akwai waƙoƙin da ba sa kan Mothership amma kowa ya san su, su Going to California, Thank You, The Ocean, Misty Mountain Hop, Fool in the Rain, in ka sa waɗannan kace ka tono ɓoyayyen abu to yaudarar kanka kake. Suma suka fita, dukda dai Fool in the Rain ta min ciwo saboda kiɗan gangar Bonham a cikinta da wajen da take juyewa ta koma kiɗan samba na Brazil a tsakiya. Ta uku ba ni na sa ta ba, CD ne ya sa ta, minti 80 yake ɗauka ko daƙiƙa ɗaya ba ya ƙarawa, su kuma mutanen nan waƙar minti tara ko goma a wajensu ba komai ba ce. Ta huɗu kuma ta kunya ce. Kawu yakan ɗauki iyali a motar nan, 'ya'yansa kuma suna jin Turanci sarai, sannan ni ne zan miƙa masa faifan da hannuna, don haka The Lemon Song, Custard Pie, Sick Again da The Wanton Song ko tattaunawa ba a yi a kansu ba, batsar ta yi yawa. The Wanton Song kam an yi asarar jita mai kyau, amma haka nan.

Yadda aka yi tacewar, kowane kundi aka ji shi daga farko har ƙarshe a jeren da suka tsara shi, ba tsallake ba garwayawa, duk waƙar da ta sa mutum ya ɗago kai a rubuta ta da tsawonta. Kundi na ɗaya da na biyu, dukkansu na 1969, an wuce su da sauri. Na biyun Kawu ya san shi tun yana saurayi, na farkon kuma mafi yawansa kiɗan blues ne na baƙaƙen Amurka da aka ƙara wa ƙara, kuma dama nan ne rigimar haƙƙin mallaka ta fi yawa a tarihinsu, Willie Dixon sai da ya kai su kotu a 1985 akan Whole Lotta Love ta kundi na biyu kafin a sasanta a sa sunansa. How Many More Times ta ja hankali amma ta haura minti takwas, Your Time Is Gonna Come kuma ƙarshenta a cuɗe yake da farkon waƙar da ke bin ta, in ka yanke ta sai ta zama guntuwa. Babu ko ɗaya da ta shiga daga kundin nan biyu.

Inda aikin ya fara daɗi shi ne kundi na uku, na Oktoba 1970. Bayan sun gaji da zagayen wasanni a Amurka sai Page da Plant suka tafi wani ɗan gidan ƙauye a tsaunukan Wales mai suna Bron-Yr-Aur, kusa da garin Machynlleth, ba wutar lantarki ba ruwan famfo, don haka jitar katako wadda ba a jona ta da komai ita ce kawai abun kiɗan da ke da amfani. Abun da ya fito daga nan rabinsa waƙoƙi ne masu sanyi, masu sharhi a jaridun lokacin da yawa suka yi tsaki don su ƙarar kundi na biyu suke jira, kundin ya hau lamba ɗaya a Ingila da Amurka amma bai kai na gabansa ciniki ba, kuma har yau biyu ne kacal daga cikin goman da ke kai suka shiga Mothership. Mu huɗu muka ɗauka. That's the Way ba ta da ganga ko kaɗan, jitar katako ce da mandolin ɗin Jones da wata jitar da ake goga wa ƙarfe tana kuka a baya, labarin yaro ne da aka hana shi wasa da abokinsa, ni a ganina duk cikin abun da Plant ya rubuta babu wadda ta kai ta natsuwa. Out on the Tiles akasinta ce, daga Bonham tunaninta ya fito kuma kana ji ka san haka, a wasanninsu na fili ma sukan ɗauko buɗewarta su shiga Black Dog da ita, wato mutane da yawa sun san daƙiƙun farkonta ba su san daga ina suka fito ba.

Sai Friends da Celebration Day, waɗannan dole a ɗauke su tare. Friends tana da wani amo na gabas, Page ya sake ɗaurin tsirkiyoyin jitarsa, Jones ya shirya goge-gogen da ke bayanta, duk wanda kunnensa ya tashi da fina-finan Indiya kamar yawancinmu zai ji ta ba baƙuwa ba ce tun jin farko. Kuma ba zato ba ne, a 1972 Page da Plant sun je Bombay sun sake ɗaukar ta da makaɗan Indiya, ita da Four Sticks, ɗaukar da aka ajiye a ma'aji sai 2015 ta fito a hukumance. A ƙarshen Friends akwai wani dogon gunji na inji da yake gangarawa ya faɗa kai tsaye cikin Celebration Day, kuma dalilinsa shi ne an goge farkon Celebration Day bisa kuskure a situdiyo sai suka rufe gurbin da gunjin. In ka raba su, ta farkon ta yanke kamar an ɗauke wuta, ta biyun ta fara a tsakiya. Minti bakwai da 'yan kai suka ci a tare, aka haƙura aka ba su.

Akwai kuma guda biyu na 1970 ɗin da ba su ma samu shiga kundin ba. Poor Tom sai a Coda ta fito bayan shekara goma sha biyu, gangar da ta buɗe ta tana tafe kamar sawun doki, labarin kuwa na mutumin da ya gano matarsa na cin amanarsa ne ya ɗauko bindiga. Ɗayar ita ce Hey, Hey, What Can I Do, wadda aka sa a bayan ƙaramin faifan Immigrant Song a Amurka, ita kaɗai ce waƙar da suka saki lokacin suna tare ba tare da tana kan wani kundinsu ba, sai 1990 ta shiga akwatin faifan da Page ya haɗa. A kanta an yi gardama da wani abokina da ya taya ni sauraro, shi ya ce rediyon Amurka na sa ta sosai don haka ta karya doka ta biyu, ni na ce faifan nan ba ɗan Amurka ake yi wa ba, wanda ake yi wa bai taɓa jin ta ba a rayuwarsa. Ta shiga.

Kundi na huɗu waƙa takwas ne kuma kusan duk sanannu, amma na tambayi Kawu ko ya tuna Four Sticks ya ce wacece haka. Ashe gefe na farko na garmahon yake ji, inda Black Dog da Rock and Roll da Stairway suke, in ta ƙare sai ya mai da allura farko, juyawa gefe na biyu sai jefi-jefi. Wannan ma wani dalili ne da ke binne waƙa wanda 'yan zamanin waya ba za su gane ba, waƙar da ta faɗa gefe na biyu sai mai ita ya tashi ya juya faifai. Four Sticks ta wahalar da su wajen ɗauka don bugunta ba ya tafiya huɗu-huɗu kamar yadda aka saba, biyar-biyar yake yi ya koma shida, ana cikin fama da ita ne Bonham ya fusata ya hau buga buɗewar wata tsohuwar waƙar Little Richard, sauran suka bi shi, nan take aka haifi Rock and Roll. Wato waƙar da duniya ta haddace daga gajiyar wannan ta fito. Da suka dawo kanta sai ya riƙe sanduna biyu a kowane hannu, huɗu kenan, in ka ƙara sauti kana jin ƙas-ƙas ɗin sandunan suna bugun juna a saman gangar. Sau ɗaya tal aka san sun yi ta a gaban jama'a, a Copenhagen 1971.

Houses of the Holy na 1973 huɗu daga takwas ɗinsa suna Mothership, cikin sauran The Rain Song ce ta cancanta amma minti bakwai da rabi ce kuma ba ɓoyayyiya ba ce. Aka wuce.

Physical Graffiti na Fabrairu 1975 shi ne rumbun. Yadda ya zama tagwayen faifai shi kansa darasi ne ga mai wannan aiki, sun ɗauki sababbin waƙoƙi takwas sai suka ga sun fi ƙarfin garmaho ɗaya, tunda gefe guda minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, maimakon su rage sai suka koma ma'aji suka kwaso guda bakwai da suka rage daga kundayen baya suka cike faifai biyu, 15 kenan. Kenan wasu daga cikin waɗancan bakwai ɗin abun da ya hana su fita tun farko rashin wuri ne, irin rashin wurin da nima nake fama da shi da minti 80 ɗina. Ɗumame ne, kuma kowa ya san akwai tuwon da sai ya kwana yake daɗi. Uku kawai Mothership ya ɗauka daga cikin 15, mu muka ɗauki shida, kuma sai bayan an gama zaɓe na lura gefe na uku na garmahon gabaɗayansa ya shigo, In the Light, Bron-Yr-Aur, Down by the Seaside, Ten Years Gone, ba a bar ko ɗaya ba.

Ten Years Gone in da za a ce waƙa ɗaya za a ɗauka a duk 57 ɗin ita zan ɗauka. Plant ya rubuta ta ne akan wata budurwarsa ta da wadda ta ce ya zaɓa ko ita ko kiɗa, Page kuma ya jera jita akan jita a ɗaukar har sai da ta zama kamar mutum shida ne ke kaɗawa, kowace da hanyarta, shi ya sa da suka zo yin ta a fili a 1977 sai da Jones ya rataya wata jita mai wuya uku don a cike gurbi. In the Light ta Jones ce mafi yawa, tana farawa da wani dogon amo na inji tare da Page yana goga jitar katako da bakan goge, minti biyu da wani abu kafin ganga ta shigo, ba su taɓa yin ta a fili ba don a lokacin ba yadda za a fitar da sautin nan a dandali. Tsawonta ya kusa minti tara, ita ce ta fi kowa cin wuri a faifan kuma saboda ita aka ajiye Night Flight da Tangerine. Down by the Seaside tana tafe a hankali kamar mai jin barci sai a tsakiya ta zabura ta canza taki ta kuma komawa kamar ba abun da ya faru. Bron-Yr-Aur minti biyu ce, jita kaɗai ba murya. The Rover a gidan ƙauyen nan aka fara ta a 1970 da jitar katako, sai 1972 aka ɗauke ta da lantarki.

Black Country Woman kuwa na sa ta ne rabi don waƙar rabi don daƙiƙunta na farko. A waje aka ɗauke ta, cikin lambun Stargroves, gidan Mick Jagger mawaƙin ƙungiyar Rolling Stones, a 1972, ana shirin farawa jirgin sama ya ratso ta sama makirfo ya kama shi, kana jin mai ɗaukar sauti yana maganar jirgin Plant yana dariya yana cewa a bar shi, kuma aka bar shi har kan faifan da aka sayar. Ƙungiyar da ake ba da labarinta kamar wasu dodanni masu jirginsu na kansu, sai ka ji su zaune a ciyawa suna wasa.

Presence na 1976 shi ne wanda ko masoyan ma suke tsallakewa. A watan Agusta 1975 Plant ya yi mummunan haɗarin mota a tsibirin Rhodes na ƙasar Girka, a keken guragu ya yi waƙoƙin, cikin kwana 18 suka gama ɗauka a situdiyon Musicland da ke Munich, kusan babu kibod babu taushi, jita ce da bes da ganga busassu. Tea for One nake so amma ta kusa minti tara da rabi, ba yadda za a yi ta zauna da In the Light a faifai ɗaya. For Your Life aka ɗauka, waƙa ce mai nauyi akan yadda hodar iblis ta cinye mutanen da ke kewaye da su a Los Angeles, tana jan ƙafa da gangan, kuma su kansu ba su taɓa yin ta a fili ba sai ranar 10 ga Disamba 2007 a dandalin O2 na Landan, da Jason ɗan Bonham a kujerar babansa. Shekara talatin da ɗaya tana jira.

In Through the Out Door na 1979 a Stockholm aka ɗauke shi, situdiyon Polar na ƙungiyar mawaƙan ABBA, bayan Plant ya rasa ɗansa Karac mai shekara biyar a 1977, kuma Jones ne ya ja ragamarsa da sabon kibod ɗinsa. Carouselambra ta haura minti goma, ba a ma tsaya ba. I'm Gonna Crawl aka ɗauka, ita ce ta rufe kundin. Daga zaman ɗaukar nan kuma akwai Wearing and Tearing da ta rage sai a Coda, sun yi ta ne kamar martani ga samarin sabon salon kiɗan punk da ke ce musu tsofaffi, gudu take ba birki.

Da aka haɗa lissafi waƙa 16 ce, kusan minti 79. Abun da ban shirya ba sai da na gani a takarda, bakwai daga ciki a 1970 aka ɗauke su, biyu kuma a shekarar aka fara rubuta su, wato fiye da rabin faifan daga shekarar gidan ƙauyen nan ya tsiro. Ƙungiyar da ke cikin wannan faifai ba ita ce ta Mothership ba sam, wannan ta fi jitar katako, ta fi amon Indiya da na Larabawa, kuma hannun Jones da Bonham ya fi fitowa fili. Wanda ya ji wannan ɓangaren nasu ba zai yi mamakin cewa Page da Plant sun je Marrakesh a Maroko sun yi kiɗa da makaɗan gargajiya na Gnawa a 1994 ba, ko cewa Plant ya hau dandali a bikin sahara na Essakane a Mali a 2003 inda su Ali Farka Touré da Tinariwen suka yi wasa.

Saura aikin hannu, wanda mutane ke rainawa kuma shi ke ɓata miks. Na farko duk waƙoƙin daga gyara ɗaya za su fito, akwai gyaran sautin 1990 akwai na 2014 zuwa 2015 da Page ya tsaya a kai, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, in ka garwaya direba zai yi ta kai hannu yana ragewa yana ƙarawa. An yi sa'a Hey, Hey tana cikin faɗaɗɗen Coda na 2015, don haka duk 16 ɗin daga jeri ɗaya suka fito. Na biyu banda MP3 ɗin da aka tatso daga bidiyo, farantan ƙarfen gangar Bonham su ke fara lalacewa su koma shuuu. Na uku manhajar buga CD da kanta take saka shiru na daƙiƙa 2 tsakanin waƙoƙi, dole a shiga a mai da shi sifili tsakanin Friends da Celebration Day in ba haka ba duk wahalar ɗaukar su tare ta tashi a banza. Sannan a buga a hankali, kar a sa gudun ƙarshe, tsofaffin rediyon mota suna yawan tsalle da faifan da aka buga da sauri. Samun emtin CD ɗin ma yanzu sai ka zaga, shagunan da suke sayarwa duk sun koma caja da murfin waya.

Jeri kuma mota aka yi wa, ba ɗaki ba. Waƙa mai sanyi a farkon tafiya ƙarar inji da hon ɗin 'yan adaidaita sahu za su cinye ta, don haka The Rover ce ta buɗe, Out on the Tiles da Four Sticks suka biyo, sai Friends da Celebration Day. Daga nan aka fara sauka, Hey, Hey, Poor Tom, Black Country Woman, That's the Way, har zuwa Bron-Yr-Aur da Down by the Seaside, lokacin an ƙiyasta ya fita gari ya hau titi. For Your Life ta tashe shi, Ten Years Gone da In the Light suka ɗauki tsakiyar nauyin, I'm Gonna Crawl, sai Wearing and Tearing a ƙarshe don kar faifai ya ƙare da gyangyaɗi.

Sakamakon bai zo yadda aka tsara duka ba. Down by the Seaside ce ta fara kama shi, abun da ban yi tsammani ba, ya ce ita yake maimaitawa. Ten Years Gone ya ce ta tuna masa abubuwan da ba zai faɗa min ba. Wajen That's the Way da Bron-Yr-Aur sai da ya kira ya tambaya ko na sako wasu mutane ne daban a tsakiya, na ce Kawu wallahi su ne. For Your Life ya ce yana nan yana ba ta lokaci. Four Sticks kuwa haushin kansa ya ji, ya ce ashe shekaru yana riƙe da ita a gida bai sani ba. Amma Wearing and Tearing ya ce a cire masa ita, hayaniya ce kawai, kuma ya riga ya gano in ta fara ƙafarsa na danna totur fiye da kima.

Cire ta ya bar gurbin minti shida da kusan daƙiƙa hamsin. Tea for One ba ta shiga, The Rain Song ba ta shiga, Night Flight da Tangerine a haɗe sun kai bakin minti 80 cif wanda tsohuwar rediyo ba lallai ta karanta ƙarshensa ba. Sai aka sa Night Flight ita kaɗai bayan Down by the Seaside, tunda dukkansu a zaman kundi na huɗu aka ɗauke su a 1971, faifan nasa ya koma kusan minti 77 yana ƙarewa da I'm Gonna Crawl. Ni dai har yanzu ina ganin ya yi wa Wearing and Tearing rashin adalci, a kwafin da ke wayata tana nan a wurinta, na kuma ƙara Tea for One da Carouselambra tunda waya ba ruwanta da minti 80.